Ɗamarar Azurfa da Kunyar Ɗan Fari

Ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa neman tabarau alhali yana kan hancina, akwai wani jajiberen ƙaramar Sallah da na yi a ƙasar Qatar wanda ba zai taɓa fita daga raina ba. A ranar na yi abin da uwata ba ta taɓa yi ba, kakata ma ba ta taɓa yi ba, kuma a gaban baƙi na yi shi, duk saboda wani tsohon kan ɗamara na azurfa da bai wuce tafin hannu ba.

Ni mutuniyar Malumfashi ce. Maigidana ne ya samu tallafin karatu a Doha, na biyo shi da ciki, muka kama wani ɗan sashe a Al Wakrah saboda hayar cikin gari ta fi ƙarfinmu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da wasu Larabawa 'yan asalin Oman da suka daɗe da zama a can. Babbar gidan wata tsohuwa ce gajera mai dogara sanda, wadda in ta yi magana a tsakar gidanta sai in ji ta a ɗakin girkina. Mijinta ya rasu, tana zaune da ɗanta da matarsa. Hajiya nake ce mata. Da Larabcin Islamiyya na fara gaishe ta, ta yi dariya har da hawaye, ta ce ina magana kamar mai karanta huɗuba. Daga ranar ta ɗauki nauyin gyara mini harshe, ni kuma na ɗauki nauyin mayar mata da magana, don ban iya shiru ba.

Na haifi ɗana na fari, bayan 'yan makonni surukar Hajiya ita ma ta haifi namiji. Haihuwar ta zo mata da gardama, aka riƙe ta a asibiti, aka dawo da jaririn gida. Duk madarar gwangwanin da aka ba shi sai ya amayar da ita. Kwana da kwanaki ina jin kukansa ta katanga, tun yana da ƙarfi har ya fara dushewa. Wata safiya na ji ana buga ƙofata da sanda. Ina buɗewa na ga Hajiya rungume da shi, idonta ya kumbura. Ba ta ko gaishe ni ba, ta miƙo mini shi ta ce, "'Yata, ke mai shayarwa ce. Ki taimake ni don Allah." Na zauna a nan bakin ƙofa na ba shi, ya kama kamar ya san ni. Wata da watanni ina shayar da su biyu kafin uwarsa ta samu kanta.

Larabawa ba sa wasa da zumuncin nono. Hajiya ta tara 'ya'yanta ta shaida musu cewa daga yau yaran nan wa da ƙane ne. Da maigidana ya gama karatu ya samu aiki muka ci gaba da zama, yaran suka tashi tare. Nawa yana cin abincin rana a can, nasu yana kwasar tuwo da miyar kuka a wajena har ya siɗe hannu. Duka biyun Kaka suke ce wa Hajiya, sanda ɗaya kuma take bin su da ita in sun fasa mata tukunyar fure.

Abu guda ne ya hana ni sakewa da mutanen nan. Su da sunan ɗan fari suke kiran mace, Ummu wane. Ni kuwa a gidan da na tashi, uwa ba ta kama sunan ɗan farinta. Ba ta yabonsa, ba ta shigar masa faɗa, ko kallon kirki ba ta yi masa a gaban mutane. Ni ce 'yar fari a wajen uwata, kuma har yau "ke" take ce mini, ban kuma taɓa shakkar tana sona ba. Haka ni ma na ɗauko. "Kai" nake ce masa, in zan ba da labarinsa in ce "yaron nan." Da na haifi ƙanwarsa, sunanta ya zama waƙa a bakina. Duk lokacin da Hajiya ta ƙwala mini kira da sunansa sai in ji kamar an yaye mini mayafi a kasuwa. Ta ɗauka sabon shiga ne ke damuna, ni kuma ban taɓa zama na yi mata bayani ba, don a ganina abu ne da kowa ya sani.

Kan ɗamarar kuwa a cikin wani akwatin katako Hajiya ke ajiye shi, naɗe a tsumma mai ƙamshin turaren wuta. Azurfa ce tsantsa, mai nauyi, maƙale a jikin tsohuwar ɗamarar fata, an yi mata ado da siraran wayoyi murɗaɗɗu da 'yan ƙwayoyi kamar gero. Tsufa ya sa lungunan adon sun yi baƙi, kuma ta hana kowa gogewa. Mijinta ya ɗaura shi yana yaro a Oman, shi ma a wajen ubansa ya samu. A al'adarsu babban mutum ne ke ɗaura ɗamara da lanƙwasasshiyar wuƙar nan tasu a ranar Idi, yaro kuwa da bai isa wuƙa ba sai a ɗaura masa wannan. A gidan Hajiya, duk ɗa namiji da ya cika shekara bakwai za ta ɗaura masa shi da hannunta ranar Sallah, ya je Idi da shi, ya shiga majalisar maza ya gaisa da manya a karon farko. Guda ɗaya ne tak, kuma babba ne ke fara ɗaurawa.

Shekarar da yaran suka cika bakwai, nawa ya bi ya ishe mu. Ya ɗauki bel ɗin babansa ya maƙala masa murfin gwangwani, yana zagaya falo yana tafiyar ƙasaita, wai gwaji yake yi. Ashe Hajiya ta riga ta gaya masa a kunne cewa shi ne babba, shi zai ɗaura a ƙaramar Sallah, ɗan'uwansa ya jira babbar Sallah. Ni dai in na gan shi sai in ce, "Kai, mayar wa mutum bel ɗinsa," in juya ina murmushi inda ba zai gani ba.

Ana cikin azumi babbar 'yar Hajiya ta zo daga Oman don yin Sallah. Doguwa ce, mai tsare gida, irin matan da ke gaishe ka suna duba takalminka. Wata la'asar muna zaune mu huɗu muna haɗa kayan buɗa baki, ni da Hajiya da surukarta da baƙuwar, sai Hajiya ta sa aka ɗauko akwatin. Ta warware tsumman, ta ɗora azurfar a cinyarta, ta dube ni ta ce bana ɗana ne zai ɗaura, tana so in ɗinka masa farar riga mai kyau.

Baƙuwar ta ajiye wuƙar da take yanka albasa. Ta ce, "Umma, nono yana haramta aure, amma ba ya ba da gado."

Hajiya ta ce, "Wa ya ce miki gado ake rabawa? Ban mutu ba tukuna." Sai ta juyo gare ni. "Ke kuma me kika ce?"

Wallahi a lokacin zuciyata fari fat take, don murna har wani ɗumi nake ji a ƙirji. Amma bakina sai ya yi abin da aka koya masa. Na sunkuyar da kai na ce, "Haba Hajiya, wannan yaron? Ai bai kai ba. A bar shi kawai, a ba ɗan'uwansa."

Duk macen da ta tashi a ƙasarmu ta san abin da ke biyo bayan wannan magana. Wata gwaggo ce za ta yi caraf ta ce, "Rufe mana baki, wa ya tambaye ki? Ɗanki ne ko namu?" A yi dariya, a yi wa yaro abin da aka yi niyya, uwa ta tsira da mutuncinta. Shi na zauna ina jira. Na ci gaba da murza ƙullu ina sauraron a ce in rufe baki, amma ba wanda ya ce. Da na ɗago, Hajiya tana kallona kamar na watsa mata ruwan sanyi. Baƙuwar ta ɗauki wuƙarta ta ce, "To kin ji daga bakin uwarsa. Khalas, magana ta ƙare." Hajiya ta naɗe azurfar a hankali, ta mayar akwati.

Ko a lokacin ban gane girman abin ba. Na ce a raina gobe za ta sake tayar da maganar, in ɗan ƙara nuna kawaici, ta matsa, in sakar mata. Gobe ta zo ta wuce. Kwanon da ta saba aiko mini da shi kafin magariba ya ci gaba da zuwa, amma kiran da take ƙwala mini ta katanga ya ɗauke. Sai surukarta ce ta tare ni a bakin ƙofa ta ce tsohuwa ta ji ciwo ƙwarai. Ta yi faɗa da 'yarta a kan yaron tun kafin ta zo, ta rantse shi zai fara, ga shi na kunyata ta a gabanta. Ta ce, "Tana ganin ba kya son ɗanki ya zama namu ne. Ni ma ban gane ki ba, 'yar'uwa."

Wannan bai girgiza ni ba kamar abin da ya biyo baya. Ranar jajibere da hantsi ina guga, yaron ya shigo daga gidan Hajiya. Bai yi kuka ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya je ya cire murfin gwangwanin daga bel ɗin babansa ya jefa a kwandon shara, ya rataye bel ɗin inda yake. Sannan ya zo ya tsaya a gefen teburin guga.

Ya ce, "Umma, an ce ke kika ce ban kai ba."

Na ce, "Kai, wuce ka ba ni wuri, manya ne ke maganarsu."

Bai wuce ba. Ya ce, "Kaka ta ce a wajenta na kai. Me na yi miki? Ko sunana ba kya faɗa. Kullum sai na ƙanwata."

Yaron nan a Doha aka haife shi, bai taɓa ganin wata uwa tana yi wa ɗanta abin da nake yi masa ba. Iyayen abokansa sumbatar 'ya'yansu suke yi a ƙofar makaranta suna kiransu da sunaye masu daɗi. Shekara bakwai yana lura, yana tarawa a ransa, ya yanke hukuncin cewa uwarsa kunyar a ce nata ne take ji. Na buɗe baki in yi masa bayani, na rasa ta inda ake fara gaya wa ɗan shekara bakwai cewa tsabar so ne ya sa ake ɓoyewa.

Maigidana yana ɗaki, duk ya ji. Shi ma ɗan fari ne, don haka na zaci zai goyi bayana. Da yaron ya fita sai ya ce, "Ni lokacin da Inna take share ni, ina da Gwaggo da Iya da matan gida guda masu goya ni suna yi mini kirari. Shi wa yake da shi a nan? Tsohuwa ɗaya ce ta tsaya masa, ita ma kin kwance mata zani." Na ce to shi ya je ya gyara mana. Ya ce ai ba bakinsa ne ya ɓata ba.

Ni da nake iya tsayawa da mai kifi a bakin tekun Al Wakrah mu yi ta ciniki har ya ɗaga hannu ya ce in ɗauka, ranar sai da na sa mayafi na cire, na sake sawa. Bayan la'asar na kama hannun yaron muka zagaya. Na tarar da falon cike, don ban da su ukun akwai maƙwabta da suka zo ƙunshin Sallah, kowa hannu a miƙe da lalle. Na so in juya, amma yaron yana riƙe da yatsana.

Na gaishe su, na durƙusa a gaban Hajiya na fara kewaye-kewaye. Na ce a garinmu akwai wata al'ada, uwa tana jin kunyar ɗan fari. Baƙuwar ta ɗaga gira ta ce, "Kunya? Ba ta hanyar aure kika same shi ba?" Wasu suka ƙunshe dariya. Raina ya ɓaci, amma na haɗiye.

Hajiya ta buga sandarta a ƙasa. Ta ce, "Ban tambaye ki al'adar garinku ba. Me kika zo nema?"

Na ce, "Ɗamarar, Hajiya."

"Wa kike nema wa?"

"Yaron."

"Yara sun cika unguwa."

"Yaron wajena."

Ta ce, "Ba shi da suna ne? Ni ban san wani yaron wajenki ba."

Tsohuwar nan ta fi ni wayo. Daga baya na gane yaron ya riga ya kai mata ƙarata, ta san ainihin inda ciwon yake. Na ji kamar uwata da kakata da duk matan gidanmu suna tsaye a bayana suna jiran su ga ko zan yi rashin ta ido. Na waiwaya, sai na ga yaron ya kafe ni da ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Na yi ta maza na faɗi sunansa. Da farko ƙasa-ƙasa na faɗa. Hajiya ta sa hannu a kunne ta ce ita tsohuwa ce, ba ta ji. Na sake faɗa da ƙarfi, har da na ubansa, na ce ɗana ne, ɗan farina, kuma na zo nema masa abin da kakarsa ta yi masa alkawari.

To, bakin da aka daɗe da ɗaurewa in ya kwance sai Allah. Na ce ya kai har ya wuce. Na ce ya yi azumin rabin yini bana ba wanda ya sa shi, ya fi kowa karatu a ajinsu, in ina zazzaɓi shi ke jiƙa tsumma ya ɗora mini a goshi. Abubuwan da na yi shekaru ina taunewa duk na zazzage su a gaban matan da ban ma san sunan wasunsu ba.

Baƙuwar ta ce, "Duk mun ji. Amma jininmu ne zai jira, bare ya riga shi?"

Na juya na fuskance ta. Na ce, "Yaya, a cinyar nan suka kwanta su biyu. Ban taɓa ba nawa nono ba sai naku ya ƙoshi, don naku ne mara lafiya. Nawa yana tsala kuka ina jijjiga shi da ƙafa, naku yana sha. Ya jira ɗan'uwansa wata da watanni bai san ma yana jira ba. In naku ya jira shi daga wannan Sallah zuwa waccan, ban ga abin da ya ragu a jikinsa ba."

Surukar Hajiya ta ce, da hannunta cike da lalle tana share ido da gefen damtse, "Ɗana ne ake magana a kansa, kuma na ce zai jira." Hajiya kuwa ta jingina da bango tana wani murmushi irin na wadda ta ci kasuwa, ta ce da jikanta, ɗan surukar, "Yalla, maza ɗauko mini akwatin." Shi da kansa ya rugo da shi, don shi tun farko bai ga abin rigima ba.

Da safiyar Sallah na kai shi cikin farar riga. Hajiya ta zauna a kujera, ta yi bismillah ta zagaya masa ɗamarar. Sai ga matsala, yaron siriri ne, ko a hudar ƙarshe ɗamarar zamewa take yi zuwa cinya. Na ce a raina shi ke nan, baƙuwa ta samu abin faɗa. Hajiya ta juya fatar ta nuna mini jerin hudojin da ke jiki, wasu sun yi baƙi don tsufa. Ta bi su da yatsa tana gaya mini, wannan ta mijinta ce, wannan ta babban ɗanta, wannan ta wanda ya rasu yana saurayi. Kowane yaro da tasa. Ta sa aka kawo ƙusa da guduma, ta auna ƙugunsa ta yi alama da farce, sannan ta miƙa wa 'yarta ta ce ita ce mai ƙarfin hannu. Matar nan ta ɗan tsaya, ta dubi yaron, ta durƙusa ta huda. Da ta gama ita ce ma ta gyara masa wuyan riga.

Azurfar ta zauna daram a cikinsa. Ɗan Hajiya ya kama hannunsa a dama, maigidana a hagu, ɗan'uwansa yana gaba yana share masa hanya kamar dogari. Na tsaya a ƙofar gida ina kallonsu, yana tafe a hankali don nauyin abin, ƙirji a buɗe. Sun kusa shan kwana sai na ji bakina ya ƙwala masa kira da sunansa, a titi, maƙwabta suna ji. Ya juyo. Ba ni da abin da zan ce masa, don haka na ce ya kula kada ya ɓata rigarsa. Dariyar da ya yi mini a wurin ban taɓa ganin irinta a fuskarsa ba, kuma na yi kuka na ƙoshi bayan sun tafi, kukan daɗi.

Yanzu ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo. Ban zubar da al'adarmu ba, in muka je Malumfashi a gaban uwata "kai" nake ce masa, shi kuma ya kashe mini ido, don yanzu ya san me ake nufi. Amma na koyi cewa kawaici yana da kyau ne a inda akwai masu fassara shi, masu tsaya wa ɗanka in ke kin sunkuyar da kai. Inda babu su, shirunki ba kunya yake nunawa ba, ƙi yake nunawa, kuma wanda zai fara karanta shi haka shi ne ɗan da kike yi dominsa. In ɗanki ba shi da bakin da zai yi masa magana sai naki, to ki buɗe shi, ko da duk kakanninki suna kallo.